Tambayi Likita: Hawan Tsauni, Faɗuwa a Kan Dutse da Saran Maciji

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa matasa suka soma haɗa ayari suna fita hawan duwatsun Shere da ke gabashin Jos, masu ƙarfin hali da na aljihu kuma suna nausawa har tsaunukan Mambila a jihar Taraba. Tambayoyin da suka taru a wannan makon kusan duk a kan wannan harka suke, musamman bin doron tsauni, wato siririyar hanyar nan da mutum yake bi da hannu da ƙafa, ga kwazazzabo a dama, ga wani a hagu.

Tambaya: Likita, ni lafiyata ƙalau, amma da zarar na hau doron dutse na kalli ƙasa sai jiri ya ɗebe ni, gwiwoyina su kama rawa. Ciwo ne?

Amsa: Ba ciwo ba ne, Malam. Ido ne ya rasa abin da ke kusa da zai dogara da shi wajen daidaita tsayuwarka. Ka durƙusa ko ka zauna, ka kafa idonka a kan dutsen da ke gaban hannunka, kuma kada ka ɗaga hannu ko ƙafa sai sauran ukun sun kama wuri sosai. Idan kuwa kana jin jirin ko a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ka je asibiti a auna hawan jininka da yawan jinin, a duba kunnenka, kafin ka sake hawa.

Tambaya: Me ya sa gwiwa ta fi yi mini ciwo wajen saukowa?

Amsa: Domin a gangare gwiwa ce take tare nauyin jiki a kowane taku. Ki riƙa gajarta taku, ki riƙe sanda, ki rage kayan da ke bayanki, kuma don Allah ki bar silifa a gida, ki sa takalmi mai igiya wanda ƙasansa yake kama dutse. Idan gwiwar ta kumbura ko tana gocewa, ki kai ta a duba.

Tambaya: Likita, makonni uku da suka wuce ƙanena mai shekara 24 ya zame a kan dutse, gefen kansa ya bugu. Ya suma na ɗan lokaci, abokansa suka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, har ya sauko da ƙafarsa yana raha. To amma tun daga lokacin ciwon kai bai sake shi ba, yana yawan barci, yana mantuwa, wani lokaci ya yi magana ba kan gado, jiya kuma ya yi amai sau biyu. Manya a gida sun ce iskokin dutsen ne suka taɓa shi, ana ta yi masa hayaƙi da rubutu. Me ya kamata in yi?

Amsa: 'Yar'uwa, ki ajiye karatun nan, ki nemi mota, a kai shi asibitin koyarwa ko babban asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta siti sikan, yau ɗin nan. Sauran bayanin kya karanta a kan hanya.

Abin da kika lissafa, ciwon kan da ba ya tafiya, yawan barci, mantuwa, rikicewar magana da amai, bayan buguwar kai da suma, alamomi ne na jini da yake taruwa a cikin ƙoƙon kai. Ƙoƙon kan baligi rufaffen akwati ne na ƙashi wanda ba ya buɗewa. Idan hannu ya bugu ya kumbura, fata tana miƙewa ta ba kumburin wuri. A cikin kai babu wannan sarari, saboda haka duk jinin da ya zuba, ƙwaƙwalwa yake dannewa, kuma alamun da ake gani a waje, irin su sauyin hali da surutai, su ne ainihin abin da mutanenmu suke fassarawa da shafar aljanu.

Zubar jinin iri biyu ce da ya kamata kowane mai hawan dutse ya sani. Ta farko mai gaggawa ce. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin siriri ne, kuma akwai jijiyar jini mai harbawa da take bi ta ƙarƙashinsa. Idan ƙashin ya tsage ya yanke ta, mutum yana iya suma, ya farfaɗo, ya tashi ya yi hira kamar babu abin da ya faru, sannan bayan 'yan sa'o'i barci ya kwashe shi, barcin da ba lallai ya tashi daga gare shi ba. Ta biyu mai sanɗa ce: ƙananan jijiyoyin da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da mayafinta ne suke tsinkewa, jinin yana tsatstsafowa a hankali, sai bayan kwanaki ko makonni alamu su bayyana, lokacin da kowa ya riga ya manta da faɗuwar. Wannan ta biyun ce nake jiye wa ƙanenki, ko da yake hoto ne kaɗai zai tabbatar. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne, idan aka gano ta da wuri, sau da yawa likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ƙaramar kafa yake hudawa a ƙashin ya zuƙe jinin, mutum ya dawo hayyacinsa.

Na taɓa karɓar wani saurayi da tsakar dare, rigarsa tana ƙamshin turaren da aka kwana biyu ana yi masa, goshinsa da sauran tawadar rubutu. Da na ɗaga fatar idonsa na haska tocila, ƙwayar idon hagu ta tsuke yadda ya kamata, ta dama kuwa ta buɗe wangwam, ko motsi ba ta yi ba. Mahaifinsa yana tsaye a bayana yana maimaita cewa ai yaron da ƙafarsa ya dawo gida ranar da ya faɗi. Wannan jumlar ita ce ta fi kowace ɓata mini rai a aikin nan, domin ita ce take sa a zauna a gida ana jira. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi wa marasa lafiyata, amma a yi ta a cikin mota ana tafiya, a ci gaba da ita a bakin ɗakin ɗaukar hoto. Shi kuwa hayaƙin da ake turara wa mutumin da numfashinsa ya riga ya raunana, a daina shi yanzu.

Kafin ku isa, kada a ba shi asfirin ko ibufurofen ko diklofenak, domin suna iya ƙara zubar jini. Farasitamol kaɗai ya isa. Kada a ba shi maganin barci, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu idan ba ya cikin hayyacinsa, domin zai iya shaƙewa. Idan barci ya rinjaye shi, a kwantar da shi a kan gefensa saboda amai. Ki gaya wa likitan da zai karɓe ku ranar da ya faɗi da kuma cewa ya suma, ko da manya sun ce ba shi da nasaba.

Ga sauran masu hawa, duk wanda kansa ya bugu har ya suma, ko na daƙiƙa kaɗan ne, asibiti zai wuce a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai a daren farko. Amai fiye da sau ɗaya, jijjiga, jini ko farin ruwa daga hanci ko kunne, baƙi kewaye da idanu ko bayan kunne, mutuwar hannu ko ƙafa, duk waɗannan ba sa jiran wayewar gari. Sannan wanda ya faɗo daga tudu yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a goya shi, kada a ja shi ta hammata, kada a zaunar da shi. Laka tana bi ta cikin ƙashin baya, kuma ƙashin da ya tsage yana iya yanke ta a lokacin ɗauka, mutum ya shanye har ƙarshen rayuwarsa. Mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu, a lulluɓe shi saboda sanyi, a gwada kiran lambar gaggawa ta 112 ko a tura mutum biyu neman taimako, idan kuma dole ne a sauko da shi, a ɗora shi a kan abu mai tauri kamar ƙyauren ƙofa, kai da jiki a miƙe. Karayar baya ba aikin mai ɗori ba ce.

Tambaya: Abokaina suna shan tiramadol kafin hawa, sun ce yana kawar da tsoro da gajiya. Akwai illa?

Amsa: Wannan ganganci ne, ɗana. Tiramadol yana sa jiri da gyangyaɗi, kuma yana iya tayar da jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, balle an sha da yawa. Ka yi tunanin jijjiga a wurin da faɗinsa bai wuce tabarma ba. Kada ka bi su, wanda kuma ya kasa dainawa ya zo asibiti a taimaka masa.

Tambaya: Ina da sikila, amma na jima ban kwanta ciwo ba. 'Yan ajinmu za su je Chappal Waddi. Na ji ana cewa iska tana ƙaranci a can sama. Zan iya bin su?

Amsa: Chappal Waddi, wanda yake cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a kan iyakar Kamaru, shi ne wuri mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Ciwon tsauni da ake ji, wato ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci saboda ƙarancin iskar shaƙa, galibi daga mita 2,500 zuwa sama yake farawa, shi ya sa ya fi damun masu hawan tsaunin Kamaru da ya haura mita 4,000, ko Kilimanjaro na Tanzaniya mai mita 5,895. Ga mai cikakkiyar lafiya, tsaunukanmu ba su cika kawo shi ba. Ke kuwa lissafinki daban ne. Abubuwa huɗu da suke lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai sikila su toshe jijiyoyi, wato raguwar iska, sanyi, ƙishirwa da wahalar jiki, duk suna haɗuwa a wannan tafiya, ga shi kuma tafiya ce ta kwanaki a ƙafa, nesa da asibitin da zai iya sa miki ruwa ko jini. A duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, kafin a zo maganar iskar da ke kaɗawa a kan doro. Shawarata ita ce kada ki je. Idan sha'awar dutse ce, ki tattauna da likitan da ke duba ki a kan gajeriyar fita kusa da gari. Ko masu AS, wato waɗanda suka gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai na iyayensu, idan suka ji ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu suna kan tsauni, mai yiwuwa saifa ce ta sami matsala, su sauko su nemi asibiti.

Tambaya: Jagoranmu yana tafiya da baƙin dutse da reza saboda maciji. Ya isa?

Amsa: Bai isa ba, kuma rezar ita ce ta fi tayar mini da hankali. Kububuwa, wadda ta fi kowane maciji kashe mutane a yankinmu, dafinta hana jini daskarewa yake yi, to ina hikimar tsaga jikin mutumin da jininsa ba zai tsaya ba? Baƙin dutse manne wa rauni kawai yake yi, ba ya zuƙo dafin da ya riga ya shiga jiki. Tsotsa da baki ba ta fitar da komai, ɗaure ƙafa tamau da kirtani kuwa yana kashe naman har a kai ga yanke ta. Abin yi shi ne a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗaura wa gaɓar sanda kamar yadda ake yi wa karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutumin idan da hali, a nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi. Kaltungo a jihar Gombe da Zamko a yankin Langtang sun shahara da wannan aiki. A can za a ɗebi jini a zuba a kwalba mai tsabta a jira minti 20, idan bai daskare ba an san dafin ya kama. Ko da mutum yana jin garau, a kai shi, domin jinin dasashi ko na fitsari yana iya bayyana daga baya. Kuma wajen rarrafe, kada ku zura hannu a tsagar dutsen da idonku bai gani ba.

Tambaya: Gaskiya ne wanda aradu ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an zuba masa nono?

Amsa: Ba gaskiya ba ne, kuma jiran nonon yana iya cinye mintunan da za a ceci ransa. Jikinsa ba ya riƙe wuta. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya iso, wanda ya farfaɗo ma asibiti za a kai shi a duba zuciyarsa. Da damina ku fita da sassafe ku sauko kafin hadarin yamma ya haɗo. Idan tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10 daga inda kuke, sai ku bar doron tsaunin nan take, ku nisanci bishiyar da take tsaye ita kaɗai, kuma kada ku koma sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba.