Tambaya da Amsa: Ciyawar da ke hana maƙwabtanta fitowa

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan an yi damina lafiya. Ni manomi ne daga wajen Rimi nan jihar Katsina. Akwai gonar da na gada wurin mahaifina, gefenta na yamma ciyawar nan mai ƙamshi da muke ce ma sarakuwar sauro ta cinye shi tas, bara na sa yara suka sassabe ta muka bar ganyen a wurin wai ya zama taki, amma geron da na shuka nan ko rabi bai fito ba, wanda ya fito ma duk ya tsumbure, alhali tsakiyar gona lafiya lau. Wani dattijo ya ce mani asiri aka yi ma wurin. To Malam mi ke kawo haka?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka kwantar da hankalinka, ni dai ban ga hannun mutum a wannan magana ba, wanda nake tuhuma shi ne ganyen nan da kuka bari a wurin.

Tsiro ba ya da ƙafar gudu kuma ba ya da hannun dambe, don haka wasu daga cikinsu da sinadari suke faɗa. Suna fitar da shi ta saiwa, ko ruwan sama ya wanko shi daga ganye, ko kuma ganyen ya faɗi ya ruɓe ya sake shi cikin ƙasa, sai irin da ke kusa ya kasa tsagowa, in ma ya tsago saiwarsa ta gajarce ta kasa jan ruwa da taki. Masana suna kiran abin alelofati, wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Hans Molisch ne ya raɗa sunan a 1937.

Ita sarakuwar sauro ba 'yar ƙasa ba ce, asalinta daga yankunan zafi na nahiyar Amurka take. Ka tsinki ganye ɗaya ka murza a yatsa ka shinshina, wannan ƙamshin mai hawa kai da ke sa wasu su turara ta don korar sauro, mai ne a cikin ganyen, kuma a cikinsa akwai sinadarin siniyol, irin wanda ke cikin ganyen bishiyar turare. Ai ka san yadda gindin turare yake zama fayau kamar an share, ka kwatanta da gindin gawo inda gero ke yin zangarniya kamar hannu. Baƙuwar ciyawa takan fi ɓarna saboda tsirran wurin ba su saba da makaminta ba, ga shi kuma ta baro ƙwarin da ke cin ta a can gida, awaki ma ba su damu da ita ba. Haka ta faru da fateniyam, wata ciyawa daga wajen Meziko da ta addabi Indiya da Habasha da Ostireliya, ita sinadarinta har ƙaiƙayin fata da sarƙewar numfashi yake sa mutane.

Amma kada in ɗora mata laifin duka. Ciyawar da ta yi shekaru tana tsaye a wuri ta riga ta tsotse abincin ƙasar, ta zubar da iri buhu-buhu, sannan tulin ganye da kara da kansa yana danne shuka ya hana ta leƙo kai ko da babu wani dafi. Sau da yawa abubuwan nan haɗuwa suke.

In kana so ka gani da idonka ga gwaji na gida. Ka jiƙa ganyenta cikin roba ya kwana, ka samu faranti biyu ka shimfiɗa tsumma a kowane, ka jera ƙwayar gero goma-goma, ɗaya ka riƙa yayyafa mashi ruwan jiƙon ɗaya kuma ruwan rijiya zalla. Bayan kwana huɗu ko biyar ka ƙirga nawa suka tsiro ka kuma gwada tsawon saiwar. Sai dai ka sani jiƙon ya fi abin da ke cikin ƙasa ƙarfi, don a gona ruwan sama na wankewa, ƙananan halittun ƙasa ma suna narkar da shi.

Bana ka cire ta tun kafin ta yi fure, da saiwarta, ka kwashe ka kai can gefe cikin rami ka haɗa da kashin dabbobi ta ruɓe sosai tukuna. Wurin kuma ka zuba takin gida, ka bari ruwa biyu uku ya sauka kafin ka shuka, kuma kada ka yi wasa da noman firi don irinta na nan kwance yana jiranka.

TAMBAYA: Malam ni malamar makaranta ce a cikin garin Katsina, shin wuta-wuta ma da irin wannan dafin take kashe dawa?

AMSA: A'a Malama, ita hanyarta daban, maƙalewa take a saiwar dawa ko gero ko masara tana tsotsa kamar kaska. Abin mamakin ma shi ne irinta yana iya kwanciya a ƙasa sama da shekara 10 ba zai tsiro ba sai ya ji sinadarin da saiwar hatsin ke fitarwa, wato dawar ce da kanta ke kiran ɓarawonta. Dawa ita ma ba kanwar lasa ba ce, saiwarta na fitar da wani sinadari mai maiƙo da ake kira sogoliyon wanda ke danne ƙananan ciyayi. A Kenya kuwa masu bincike na cibiyar nazarin ƙwari ta ICIPE sun juya abin ya zama makamin manomi, suna shuka wata ciyawa dangin wake mai suna desmodiyom tsakanin layin masara, saiwarta sai ta yaudari irin wuta-wuta ya tsiro sannan ta hana shi kama saiwar masarar, sai ya mutu a nan, ganyen kuma a yanka a ba shanu.