Me Ya Sa Karatu Ke Ɓace Mini A Ɗakin Jarrabawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce, nakan maimaita darasi har in ji ya zauna, amma da zarar an raba takardar jarrabawa sai komai ya ɓace mini, ina fita kuma sai amsar ta faɗo mini a rai. Shin ƙwaƙwalwata ce ke da matsala? Daga wata ɗaliba, Pantami, Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yata. Dawowar amsar bayan kin fito shaida ce cewa karatun yana nan a ajiye, lalubo shi ne ya gagara. A 1973 masana ilimin halayyar ɗan Adam Endel Tulving da Donald Thomson sun nuna cewa mutum yana tuna abu ne idan ya samu wata alama da ta dace da yanayin da ya koye shi. Duk wanda ya yi makarantar allo ya ga haka: almajiri ya cije a tsakiyar tilawa, malam ya ɗora masa kalma ɗaya tak, sai ya zarce har ƙarshen shafi.

Hatta wurin karatu yakan zama alama. A 1975 wasu masanan, Godden da Baddeley, sun sa masu nutso a ruwa haddace kalmomi, wani lokaci a tudu, wani lokaci a ƙarƙashin ruwa, kuma sun fi tunawa a inda suka yi haddar. Fargaba ma tana cinye hankalin da ya kamata ya tafi wajen neman amsa.

Amma a ganina babbar matsalarki ita ce maimaitawar kanta. Idan littafi yana buɗe a gabanki, ido yana gane abin da ya saba gani, sai ki ɗauka kin iya, alhali jarrabawa tana neman ki kawo shi da ka. A 2006 Roediger da Karpicke a Amurka sun gwada wannan: bayan minti 5 masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe takarda suka rubuta abin da suka tuna sun yi musu fintinƙau.

Saboda haka ki karanta babi, ki rufe littafin, ki rubuta abin da kika riƙe, sannan ki duba inda kika yi tuntuɓe. Ki sake yin haka bayan kwana biyu, wani lokaci a ɗaki, wani lokaci a aji, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa da agogo a gabanki.