Tsohon karen gadi da ciwon hanta: amsa ga manomi

Wani manomi daga Basawa ya rubuto cewa karen da ke gadin gonarsa ya kai shekara 10, ya rame, ya daina cin abinci, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa. Yana tambaya me zai ba shi.

Malam, kafin a zo maganar abin da za ka ba shi, ɗaga leɓensa ka dubi dasashinsa da rana. In ya yi ruwan ɗorawa kamar idon, shawara ce, kuma hanta ce a sahun farko na abin zargi, ko da yake cutar kaska ma tana kawo ta saboda tana farfasa jini. Da kallo kawai ba a iya raba su. Kai shi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, a auna jininsa, a duba cikin. Kumburin nan galibi ruwa ne ya taru, don hanta ta kasa haɗa sinadarin da ke riƙe ruwa cikin jijiya. Kada wani ya soke shi a gida wai don ya zuba.

Sannan buɗe buhun dusar da kake dafa masa. Masara ko gyaɗar da ta sha raɓa ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar aflatoxin, wadda ke cin hantar kare a hankali, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Mu kan ga an ware ruɓaɓɓen hatsi da tsohon ƙuli-ƙuli a ce "na kare ne". Shi ne ke kai shi ƙasa.

Abinci kuwa kaɗan-kaɗan, sau huɗu a rana. Dafaffiyar shinkafa kashi biyu, dafaffen ƙwai ko kindirmo kashi ɗaya, ba gishiri, ba magi, ba mai. Kare mai kilo 15 zai iya cin ƙwai ɗaya ko biyu a rana. Ragowar miya a daina, albasar cikinta ma tana lalata jinin kare. Hantar saniya da kayan ciki a bari, sinadarin jan ƙarfen da ke cikinsu yana taruwa a hantar da ta riga ta gaji. Ruwa mai tsabta ya zauna kusa da shi a inuwa. Mai wannan nauyi yana shan abin da ya kusa lita ɗaya a rana, in ya zarce lita ɗaya da rabi ka faɗa wa likita.

Fanadol da ibuprofen, kul. Allurar Berenil ta shanu ma haka: in awon ya ɗara kaɗan tana taɓa ƙwaƙwalwar kare, ta kashe shi.

Ka sa safar hannu ko leda in za ka wanke wurin fitsarinsa, domin akwai cutar da fitsarin ɓera ke yaɗawa, tana kama hantar kare, tana kuma iya kama mutum.

In ka ga yana kewaye wuri ɗaya, yana dafa kai jikin bango, ko kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta, kada ka bari a kwana. Kewayen da dafa kan, gubar da hanta ta kasa tacewa ce ta hau kai; baƙin kashin kuma jini ne ke zuba a hanji. A nan ne likita zai rage masa ƙwan, ya rubuta lactulose (maganin rage gubar ta hanyar kashi) ko bitamin K (mai taimaka wa jini ya daskare). Gadin dare kuma ka nemo ɗan kwikwiyo ya fara koya, wannan ya gama nasa.