Filin Lafiyarmu: Ƙwannafin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, dan Allah shawara nake nema. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 46, yau wajen shekara uku kenan ina fama da ƙwannafi, da na kwanta da daddare sai in ji wani ruwa mai tsami ya taso min har maƙogwaro, ƙirjina kaman an zuba garwashi, da safe kuma murya a dishe ga tari. Kwalbar Gestid bata rabuwa da motata, wani yace in jiƙa jar kanwa wani yace madara. Wai olsa ce ko mene ne? Daga wani mai karatu a Rijiyar Zaki.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah Ya ƙara sauƙi. Mu a Kano duk abin da ya taɓa ciki sunansa olsa, amma yadda ka kwatanta naka ya fi kama da ruwan tumbi ne yake dawowa sama. Ita olsa gyambo ce a jikin tumbi ko farkon hanji, yawanci wata ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori ko magungunan ciwon jiki suke kawo ta. Naka kuwa matsalar ƙofa ce. Daidai inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka da take tsuke wajen kaman tazugen wando, ta buɗe loma ta wuce ta sake tsukewa, to idan ta saki ko tana buɗewa ba lokacinta ba sai asid ya samu hanya ya hauro, shi tumbi Allah Ya yi masa kariya daga wannan ruwan amma hanyar abinci bata da irinta, shi ne zafin da kake ji, in ya kai maƙogwaro kuma ga dishewar murya da tarin nan. In abin yana zuwa sau 2 ko fiye a sati ya wuce a ce ƙwannafin cin ƙosai ne, ya zama ciwon da ake zama a yi magani.

Baka faɗa min yadda kake cin abinci ba amma na san rayuwar kasuwa. Shayi da biredi da safe, rana ta wuce ana ciniki ba a ci komai ba sai goro, a dawo gida bayan isha'i a zauna gaban malmala biyu ta tuwo miya ta ji man shanu da yaji, wata rana ga tsire an riƙo a hanya, a kora da lemon kwalba mai sanyi, minti ashirin an miƙe a gado ana duba waya. Ka cika gora da ruwa, kar ka ɗaure murfin sosai, ka kwantar da ita a kan tabarma ka ga abin da zai faru, haka tumbinka yake in ka kwanta da cikakken ciki. Wallahi a wajena nan ne rabin maganinka yake, kuma shi ne wanda mutane suka fi ƙin ji saboda ba a kemis ake sayar da shi ba. Ka mayar da babban cinka rana ko a shago ne, na dare ya zama kaɗan, ka bar awa 3 tsakanin lomar ƙarshe da kwanciya. A ɗaga gadon ta wajen kai kaman inci 6 zuwa 8, a sa bulo ko katako a ƙarƙashin ƙafafun, in katifa ce a ƙasa a cusa wani abu ƙarƙashinta ta yi gangare, tara filo uku baya yi dan wuya kawai yake lanƙwasawa ya ƙara matse ciki. In cikin dare ya taso ka juya ɓangaren hagu, an fi samun sauƙi a haka. In akwai teɓa a rage ta, ita take danna tumbi, sigari da shisha kuma a bar su gaba ɗaya.

Maganar abinci bana son a bi mutum da dogon jerin haramci har ya rasa me zai ci. Maiƙo, yaji, tumatir, lemon tsami, kofi, shayi mai kauri da na'a-na'a, goro, su aka fi kamawa da laifi, amma kowa da nasa, ka lura sati biyu ka ga wanne ne yake tayar maka.

Su Gestid da Mist Mag kashe wutar lokacin kawai suke. Wanda yake rage asid ɗin daga tushe irin su omeprazole ne, kuma da yawa ba daidai suke shansa ba, sai zafi ya taso a haɗiya. Ana shansa ne minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, kullum, sati 4 zuwa 8, sannan likita ya duba ko a tsaya ko a rage. Kanwa dan Allah ka bari, bata da ma'auni kuma gishirin cikinta ba abokin mai hawan jini ko ciwon ƙoda bane. Madara zata sanyaya maka na ɗan lokaci daga baya abin ya dawo. Haɗin ciwon jikin nan da ake ƙullowa a kemis, akwai su diclofenac da ibuprofen a ciki, suna ƙara ɓarna.

Shekara uku ba wasa bace Alhaji, asid in ya daɗe yana ƙona wajen yana iya sa shi ya ƙuntace ko fatar ta canja, a wasu ƙalilan har ta kai ga daji. Ka je asibiti, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ana zura siririyar kyamara ta baki a leƙa, ba tiyata bace. Idan kuma loma ta fara tsaya maka a ƙirji, ko kana ramewa ba dalili, ko aman jini, ko bahaya baƙi ƙirin kaman kwalta, to wannan ba a jira. Ciwon ƙirji da gumi da haki, ko yana sauka hannu ko muƙamuƙi, kar a ce ƙwannafi ne, zuciya ake fara dubawa a wannan daren.

Tambaya: Likita ni kuma sai ina azumin Litinin da Alhamis yake taso min, daga hantsi har azahar. In daina ne? Daga wata uwa a Gwammaja.

Amsa: Hajiya ba lallai sai kin daina ba, ina zargin komawa barci ne bayan sahur. Ki rage maiƙo da yaji a sahur ɗin, kar ki cika ciki dam da ruwa lokaci ɗaya, bayan asuba ki zauna ki yi azkar ɗinki ko ki kishingiɗa a jingine maimakon kwanciya. In an ɗora ki a kan omeprazole ki sha da kin farka, kafin ki ɗora tukunya, kan abinci ya sauka minti 30 ɗin sun cika. In kin yi haka sati uku bai lafa ba ki je a duba ki.