Ina tsoron kada jikana ya bi sawun mahaifinsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekara 8 ke nan da ɗana ya kashe kansa, bayan ya daɗe yana fama da ciwon damuwa. Wani ƙanin mahaifina ma haka ya rasu tun muna yara, ba a dai faɗa. 'Ya'yan ɗan nawa biyu suna hannuna, namiji mai shekara 17 da mace mai 13, kuma ce musu aka yi hawan jini ne ajalin ubansu. Tun da sakamakon JAMB ya fito namijin ya canza. Ya daina fita ƙwallo, kwana yake kan waya, abu kaɗan sai faɗa. Shekaranjiya na ji yana ce wa ƙanwarsa, "Kwanan nan za ku huta da ni." Likita, abin nan gado ne? Waɗanne alamu zan duba? Daga wata kaka, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah Ya gafarta masa, Ya ba ki haƙurin wannan rashi.

Zan fara da maganar da kika jiyo, don ita ce ta gaggawa. Yaron da ya ce "za ku huta da ni" ya riga ya nuna babbar alama. Mutanenmu kan ce mai yi ba ya faɗa. A wannan lamari ba haka ba ne: da yawa daga waɗanda suka kashe kansu sun taɓa furta wani abu, sai aka ɗauka shagwaɓa ce ko ɓacin rai. "Na zame muku kaya", "gara ma in mutu", "ba ni da amfani a gidan nan", duk kalamai ne da ba a bari su wuce. Don haka kada ki jira wata alama kafin ki yi masa magana. A yau nake so ki yi.

Batun gado kuwa, akwai gaskiya a ciki, amma ba yadda kike tsoro ba. Wani babban bincike da aka yi a ƙasar Denmak, wanda aka buga a 2002, ya gano cewa wanda wani na jikinsa ya kashe kansa haɗarinsa ya kai kusan ninki biyu da rabi na wanda ba shi da wannan tarihi. Abin da ke bin jini shi ne saurin kamuwa da ciwon damuwa, ko ciwon nan da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa, wata rana zumuɗi da rashin barci wata rana baƙin ciki, sai kuma halin yanke hukunci cikin fushi ba tare da tsayawa tunani ba. Aikin kansa ba a gadonsa. Mafi yawan 'ya'ya da jikokin da ke da irin wannan tarihi suna rayuwarsu har tsufa. Kamar gidan da ke da ciwon suga ne: sanin tarihin dalili ne na sa ido da zuwa asibiti da wuri.

Ciwon damuwa a jikin matashi ba lallai ya zo da kuka ba, nan ne iyaye ke ɓata. Sau da yawa da fushi yake zuwa, da tsawa, da buga ƙofa, sai a ce yaro ya yi taurin kai, a ɗauko bulala. Ki auna shi da yadda kika san shi a bara. Mai son ƙwallo da ya bar fili, mai cin tuwo malmala biyu da yanzu sai ya tsakura ya ture, wanda ke ƙin amsa sallamar abokai a ƙofar gida, idan hakan ya wuce mako biyu, ciwo ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Ki lura da barcinsa. Ki lura ko ya fara shan ƙwaya ko maganin tari, domin maye yana cire birki. Ki dubi hannayensa ko yana yankar jikinsa, musamman idan ya koma sa riga mai dogon hannu cikin zafi.

Akwai alamu biyu da suka fi ba ni tsoro, don suna kama da alheri. Ta farko, ya fara rabar da abin da yake ji da shi, ya ba ƙanwarsa wayarsa, ya ba aboki takalmin ƙwallonsa, ya riƙa bin mutane yana neman gafara ba tafiya zai yi ba. Ta biyu, bayan makonni na ƙunci kwatsam ki ga ya sake, fuska fes, kamar an sauke masa kaya, alhali babu abin da ya canza. Gida sai a yi hamdala. Wani lokaci wannan natsuwar ta wanda ya gama yanke shawara ce.

Yanzu ga abin da ya sa na ji daɗi da ke ce kika rubuto. Tsakanin ɗa da iyaye akwai kunya, tsakanin jika da kaka kuwa wasa ne. Yaron da kike tsokana da "angona" zai faɗa miki abin da ba zai iya faɗa wa baffansa ba. Bayan isha'i, in gida ya yi shiru, ki kira shi ɗakinki ya taya ki ɓare gyaɗa ko ya matsa miki ƙafa. Hannu na aiki, ba a kallon ido, magana ta fi fitowa. Ki ce, "Na ji abin da ka ce wa ƙanwarka, kuma na ga ba ka jin daɗi tun da sakamakon nan ya fito. Faɗa mini gaskiya, kana tunanin kashe kanka?" Haka za ki faɗe ta, da sunanta. Na san bakinki zai yi nauyi, kina tsoron kada ki cusa masa abin da babu. An gwada wannan a kan ɗaliban sakandare fiye da 2,000 a jihar New York ta Amurka, aka buga sakamakon a 2005: tambayar ba ta ƙara wa kowa tunanin ba. Mai ɗauke da abin a ransa sau da yawa sauƙi yake ji.

In ya ce e, kada ki yi salati da ƙarfi, kada ki kawo masa zancen wuta. Ya san haramun ne, sanin ma na cikin abin da ke cin sa. Ki saurara. Sannan ki tambaye shi ko ya tsara yadda zai yi, ko ya sa rana, ko ya taɓa gwadawa, domin wanda ya taɓa yunƙuri shi ya fi kowa shiga haɗari. Kada ki yi masa alkawarin rufa asiri. Ki ce, "Ba zan tona ka a gari ba, amma sai mun ga likita tare." Idan akwai shiri ko rana, ba a barin sa shi kaɗai, a daren za a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Lambar agajin gaggawa a Nijeriya ita ce 112.

Tun kafin hirar, ki zaga gidan. Maganin ƙwari, maganin feshin gona, magungunanki na hawan jini da na suga, duk su shiga akwati mai kwaɗo, makulli a ƙugunki. Kada ki raina wannan. Matsin da ke tura mutum yakan zo ya wuce cikin mintuna ko awoyi, in bai sami abu a kusa ba. Ƙasar Siri Lanka ta hana sayar da magungunan feshi mafi haɗari, yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 daga 1995.

Ko ya ce a'a, ki kai shi a duba shi cikin makon nan. Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ki faɗa wa likitan tarihin gidan gaba ɗaya, har da na ƙanin mahaifinki. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana asibiti, a haɗa. Idan an ɗora shi kan magani, yakan ɗauki makonni kafin ya fara aiki, kuma makonnin farko ne ake ƙara sa ido a kan matasa. Ba a dainawa don an ga sauƙi sai da izinin likita.

Saura zancen hawan jinin. A ganina akwai yiwuwar yaron ya riga ya sani, unguwa ba ta riƙe irin wannan shekara 8, kuma wanda ya ji a bakin 'yan gori shi kaɗai yake haɗiye abinsa. Ya kamata su biyun su ji gaskiya daga bakinki, cewa ubansu ciwo ya yi, ciwon yana da magani, kuma ba laifinsu ba ne. Amma ba a daren farko ba, sai dai in shi ya tambaya, to nan kada ki yi masa ƙarya. Ki shirya wannan zaman tare da likitan. Ita ma ƙanwar ki ja ta gefe, don ita aka faɗa wa maganar, ki tambaye ta me kuma ya taɓa ce mata.