Wace Manhajar Zane Zan Ɗauka Da Ɗan Abin Da Ke Hannuna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina haɗa katin biki da fostar saukar karatu a waya da PixelLab. Yanzu Allah ya hore mini kwamfuta ta hannu, ina so in shiga harkar da gaske, amma jarin bai taka kara ya karya ba. Wani ya ce Photoshop, wani ya ce CorelDRAW, mai gyaran kwamfuta kuma ya ce zai loda mini duka biyun a kan ɗan kuɗi kaɗan. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka fitar da ko kwabo, ka je wurin mai injin da zai riƙa buga maka aiki ka tambaye shi irin fayil ɗin da yake karɓa. A gidajen buga takardu da dama a Najeriya CorelDRAW ce ke mulki, kuma tana da wani hali: abin da aka adana a sabon samfurinta ba ya buɗuwa a tsoho, sai ka zaɓi tsohon tsari tun wajen adanawa. Idan mai injin ya ce PDF ya wadatar, ka huta, kusan kowace manhaja za ta yi maka.

Shawarar da aka ba ka ta haɗa abubuwa biyu daban. Photoshop ta gyaran hoto ce, hoto kuwa ɗigo-ɗigo ne, in ka ja shi ya yi girma sai ya dushe. Tambarin shago da rubutun banar talla suna son zanen layi, wanda za a buga a kati ko a allon bakin titi bai canja ba. Wannan aikin CorelDRAW ne, ko Illustrator, ko Inkscape. Katin biki da fosta sun fi karkata nan.

Ni da zan zaɓa maka, Affinity zan ce. Kamfanin Canva ya saye ta a 2024, a ƙarshen Oktoban 2025 kuma ya mayar da ita kyauta ga duk wanda ya yi rajista da imel. Tana gyaran hoto, tana zanen layi, tana tsara shafuka, kuma tana aiki da launin injin bugu, wato CMYK. Kada ka raina wannan na ƙarshen: koren da ke sheƙi a fuskar kwamfuta yakan fito a takarda a dushe, kuma kai amarya za ta zarga, ba inji ba. Inkscape ma kyauta ce, tana da kyau wajen tambari, amma wajen CMYK take da rauni. Sai dai Affinity ba ta fitar da fayil irin na Corel, shi ya sa na fara da maganar mai inji. Idan wani ya turo maka fayil ɗin Photoshop, Photopea za ta buɗe shi a intanet ba tare da ka loda komai ba.

Adobe, mai Photoshop da Illustrator, ta daina sayar da sababbin samfuransu a dunƙule tun 2013, haya ce ta wata-wata. Ka lura da tsarin shekara da ake biya duk wata: in ka janye a tsakiya, za a caje ka rabin abin da ya rage. Wanda aikinsa na lokacin bukukuwa da kamfen ne, wannan alƙawari ya yi masa nauyi. Corel har yanzu tana sayar da lasisin biya ɗaya, in aiki ya kankama sai ka duba shi.

Tayin mai gyara kuwa na sata ne. Ban da haƙƙin masu ita, irin waɗannan sukan zo da ƙwayar cutar da ke kwashe lambobin sirri, a kwamfutar da kake shiga asusun bankinka da ita.

Sannan ka gwada kowane salon rubutu da ƙ, ɗ, ɓ kafin ka fara aiki. Da yawa ba su da su, sai ka ga akwati a gurbin harafi, ko “ƙaura” ta koma “kaura”. Noto na Google da Andika da Charis na SIL suna da su, kuma kyauta ne. In ka gama, ka mayar da rubutun zane kafin ka tura, a Corel Ctrl da Q ke yin haka, don kada kwamfutar mai inji ta musanya maka shi da wani.