Tambaya da Amsa: Wa ke riƙe da birnin Kano da unguwannin gefensa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidana yana Rijiyar Zaki, shagona yana Kantin Kwari. An ce mini a takarda ni ɗan Ungogo ne da daddare, ɗan Fagge da rana. To wai wane ne shugaban birnin Kano gaba ɗayansa? Daga mai karatu, Rijiyar Zaki.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Babu kujera guda da aka ware wa birnin. Abin da ake kira ƙwaryar birni ƙananan hukumomi takwas ne cikin 44 na jihar: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. A ƙidayar 2006 mutanensu sun kai kimanin miliyan 2.8, kuma tun daga lokacin gine-gine sun tsallaka har cikin Dawakin Kudu, Gezawa, Tofa da Dawakin Tofa. Kasuwar Dawanau kanta tana ƙasar Dawakin Tofa ne.

Kundin tsarin mulki na 1999 bai san wani mataki mai suna birni ba. Tarayya ya sani, da jiha, da ƙananan hukumomi 774. Saboda haka ciyaman ɗin Fagge da na Ungogo matsayinsu ɗaya, babu mai ba wani umarni. Wanda ke ɗaure tsintsiyar a aikace shi ne gwamna, ta hanyar hukumomin jiha: KNUPDA ta tsara birni da izinin gini, REMASAB ta kwashe shara, KAROTA ta kula da zirga-zirga, sai hukumar ruwa. Wuta kuma tana hannun kamfanin rarraba lantarki na KEDCO, wanda ya haɗa Kano da Katsina da Jigawa, manyan tituna irin na Zariya da na Katsina kuwa na tarayya ne. Hakimi da dagaci da mai unguwa suna da daraja da tasiri wajen sulhu da shaida, amma tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kasafin kuɗi da ikon zartarwa suka bar hannun masarauta.

Tambaya: An yi mini tallar fuloti mai sauƙi a bayan gari, awon igiya ne, mai unguwa zai sa hannu. Dillali ya ce wurin ƙauye ne, hukumar tsara birni ba ruwanta. In saya? Daga wata mai karatu, Sheka.

Amsa: Hajiya, a tsaya tukuna, domin nan ne kuɗin mutane ya fi nutsewa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta raba filayen jiha gida biyu. Wanda ke cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, gwamna ne kaɗai ke ba da shaidar mallakarsa, wadda aka saba rubuta mata shekara 99. Wanda ke wajen wannan iyaka, ƙaramar hukuma na iya ba da takardar mallaka ta gargajiya. Matsalar ita ce wannan iyaka ba a ganin ta da ido. Gona da kan dawa a cikinta tana iya kasancewa birni a takardar gwamnati, kuma dillali ba shi ne mai yanke wannan hukunci ba.

Ga yadda awon igiya ke tafiya. Mai gona, ko magada, su sayar wa dillali, shi kuma ya ja igiya ya yanka hamsin-hamsin ko ƙasa da haka, ya kafa turaku. Duk taku ɗaya da ya bar wa hanya asara ce a wurinsa, don haka sai ya bar lungun da mota biyu ba za su gifta juna ba. Ba ya barin filin makaranta, ko asibiti, ko maƙabarta, balle hanyar ruwa. Bayan shekara biyar unguwa ta cika, a lokacin ne za a tarar motar kashe gobara ba ta shiga, ruwan wanka yana kwance a ƙofar gida, kuma idan gwamnati ta zo fitar da titi sai an rushe ɗakunan mutane.

Kafin ki ba da ko sisi, ki ɗauki ƙwararren mai safiyo ya auna fulotin ya fitar da lambobin wurin. Ki kai su ma'aikatar ƙasa a duba ko filin yana cikin wani shiri na gwamnati, ko an taɓa ba wani shi. Ki je hukumar tsara birni ki tambaya ko an amince da tsarin unguwar, ko titi ko layin babbar wuta zai ratsa ta wajen. Idan gado ne, ki ga takardar rabon gado daga kotu, kada ki tsaya kan maganar babban wa shi kaɗai. Ki kuma je wurin da kanki a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, domin kududdufin da aka cike da ƙasa, da rani kamar fili mai kyau yake. Sa hannun mai unguwa yana nuna an yi ciniki a gaban shaidu, wannan yana da amfani, amma ba shaidar mallaka ba ce. Ki sani kuma, idan gwamnati ta karɓe wuri don aikin jama'a, doka ta ɗora diyya ne kan abin da aka gina ko aka shuka, ba kan farashin da kika biya dillali ba.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. An taɓa zana wa Kano tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, amma garin ya yi wa takarda nisa, kuma har yau masu igiya sukan riga masu taswira isa gona.

Tambaya: Lambatun layinmu ya toshe da shara, damina ta zo. Wurin wa za mu kai kuka? Daga ƙungiyar matasan wata unguwa.

Amsa: A takarda, jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma kwashe shara, magudanan ruwa na cikin unguwa, kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, sanya wa layuka suna da lambar gidaje. A aikace jiha ta karɓe manyan ayyukan, kuma shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi suna bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, sai dai hukunci daban, aiwatarwa daban.

Saboda haka ku raba kukan. Ƙaramin lambatu na layi, ku rubuta wa kansila da sashen ayyuka na ƙaramar hukumarku. Tsibin bola da ya fi ƙarfin baro, hukumar shara ta jiha. Babbar kwata irin ta Jakara, wadda ke ɗebo ruwan unguwanni da yawa ta nufi dam ɗin Wasai a Minjibir, wannan ta ma'aikatar muhalli ce, domin ruwa bai san iyakar Dala da Fagge ba. Ku rubuta takarda da sa hannun mai unguwa da hotuna, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. In kun yi aikin gayya, ku shirya motar kwashewa a ranar, in ba haka ba ruwan farko zai mayar da abin da kuka fito da shi.

Tambaya: Me ya hana a yi wa manyan biranenmu magajin gari guda, kamar Landan? Daga ɗalibi, Mararaba.

Amsa: Landan ma ta yi yawo kafin ta zauna. An rushe majalisar birnin a 1986, aka zauna ba ta, sai a 2000 aka kafa zaɓaɓɓen magajin gari mai riƙe da sufuri da babban tsari, gundumomi 32 kuma suka ci gaba da shara da hidimomin unguwa. A nan Najeriya kuwa, kafin a yi haka sai an taɓa kundin tsarin mulki, kuma da wuya gwamna ya so wani zaɓaɓɓe ya riƙe garin da ya fi ko'ina ƙuri'a da haraji a jiharsa. Legas ta bi gajeriyar hanya, ta kafa hukumar sufuri ta LAMATA wadda ta fara motocin BRT, wato manyan bas-bas masu bin hanyar da aka keɓe musu, a 2008.

Naka yanayin ya fi wuya. Abuja minista ke riƙe da ita tare da ƙananan hukumomi shida, Mararaba kuwa tana Karu ta jihar Nasarawa, kamar yadda Suleja da Madalla ke jihar Neja. Ma'aikata suna yini a Abuja suna kwana a wata jiha, don haka nauyin makaranta da shara da ruwa yana faɗawa kan ƙaramar hukumar da ba ta da ƙarfinsa. A ganinmu abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne hukumar haɗin gwiwa ta sufuri da tsara ƙasa, mai doka da kasafinta, wadda ministan da gwamnonin biyu za su sa wa hannu.